Rufewa Mai Ɗamara

Ni gyartai ne, ko kuwa in ce na taɓa zama gyartai, don yanzu roba ta kori ƙwarya, ido kuma ya ƙi. Sunana Na'Allah. A kasuwar Tambuwal nake zama a lokacin, gindin wata tsamiya, matan Fulani in sun sayar da nono su biyo ta wurina da ƙoren da suka tsage. Karatun allo na ɗan taɓa. Na boko kuwa iyakarsa ajin yaƙi da jahilci, inda Malam Ladan ya sha fama da ni, shi yana nuna baƙi a jikin allo, ni ina kallon wata tsaga da ke bangon bayansa.

Tun ina ƙarami haka nake. Tsaga tana ba ni mamaki. Ba ta da ƙafa amma tana tafiya, kuma kowace da irin tafiyarta. Ta ƙwarya miƙewa take yi, ba ta shawara da kowa. Shi ya sa aikin gyartai na farko ba ɗinki ba ne, neman kan tsagar ne, kuma kullum ya wuce inda ido ya ce ya tsaya. Sai ka shafa toka da ɗan yawu, ka ga wani siririn layi kamar gashi ya fito can gaba. A nan za ka sa tsinken ƙarfe mai zafi ka huda rami zagayayye. Idan tsagar ta iso ramin sai ta rasa inda za ta sa kai, ta kwanta. Bayan nan ne ake ɗinki.

Ina da wani lefe a ɗaki da nake tara abubuwan da suka dare: kofaton saniya, ƙumbar gulbi, guntun tangaran, ƙoƙon bayan kunkuru. Mai ɗakina takan ce mazan wasu awaki suke tarawa.

A shekarar da aka sami mulkin kai, Namadi mai shayi na bakin tasha ya sayo ganyen shayi a wani akwatin katako, da ganyen ya ƙare sai ya ba ni akwatin in riƙa zama a kai. Katakon siriri ne ƙwarai, na ce a raina ba zai yi ƙarko ba. Wata rana wani mahauci mai jiki ya zauna a kai yana jiran in gama masa ƙoƙo, sai muka ji ƙas! Na ce shi ke nan. Amma da ya tashi sai na ga saman ne kaɗai ya dare. Tsagar ta nutsa kaɗan, ta karya kwana, ta kwanta a tsakiyar katakon, ba ta fita ta ƙasa ba.

Na ɓalli gefe na jiƙa shi a kasko har ya saki. Ashe ba katako ɗaya ba ne, falle uku ne aka manne. Jijiyar na sama ta yi gabas, ta na tsakiya ta gitta ta yi kudu, na ƙasa ya sake komawa gabas. Tsaga ta taso tana bin jijiya, ta iso falle na biyu ta tarar hanyar ta gitta mata, sai ta ga ya fi mata sauƙi ta bi ta wurin mannin, a can kuma ƙarfinta ya ƙare. Na kai wa Malam Ladan ya gani. Ya ce, "Na'Allah, da rabin hankalin da kab ba akwatinga ka ba baƙaƙe, da yanzu kai ka karanta muna jarida." Ya yi dariya, amma ya daɗe yana juya katakon a hannu. Tun daga ranar guntunsa bai bar aljihuna ba.

Ina da yaya mace ɗaya da ta girme ni, Atu, tana aure a Kebbe. Mijinta Ɗangiwa magini ne, ba na gidaje ba, na rufewa, wato rumbun ƙasa mai kama da ƙaton tulu da ake ɗorawa a kan duwatsu, bakinsa a sama, a kifa masa jinka. Da rani nakan je Kebbe in zauna ina kallonsa yana aiki, don mu biyun babu mai yawan magana.

Ba a gina rufewa rana ɗaya. Ana ɗora ƙasa kamar kamu guda a zagaye, a bari ta sha iska, sannan a dawo a ɗora wata. Sauran magina in sun dawo sukan share bakin tsohon ɗorin tas, su kankare shi, su jiƙa, don sabuwar ƙasa ta ciji tsohuwa su zama abu ɗaya. Ɗangiwa shi ba haka yake yi ba. In ya tsaya sai ya barbaɗa ƙaiƙayi a kan ɗanyen bakin don kada rana ta ƙona shi. In ya dawo sai ya ɗan hure, ya yayyafa ruwa, ya ci gaba, rabin ƙaiƙayin yana nan. Shi ya sa rufewarsa take da layuka a zagaye, ɗaya bisa ɗaya, kamar ta ci ɗamara. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya sharewa duka. Ya tsaya ya yi tunani sosai, sannan ya ce, "Ban sani ba. Hannuna ya saba."

Wansa Maccido, manomi mai shanu da babbar murya, kullum ya gifta sai ya tanka. "Wagga ba rufewa ba ta, jibgin masa na. Ranar da anka yi iska ɗai-ɗai za mu tsince ta." Ɗangiwa ya yi murmushi ya ci gaba da mulmula ƙasa.

Rufewar gidansa ita ce ta ƙarshe da Ɗangiwa ya gina. Ya cika ta da gero a kakar shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar ƙasa, da bazara kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar Atu da yara ƙanana. Noman bana nata ba wani abin kirki ba ne, 'yar gona ce a bayan gida. Abin da za su ci har kaka mai zuwa, da irin da za su shuka baɗi, duk yana cikin wannan rufewa.

Ana tsakiyar malka, ruwa yana kwana yana wuni, wani mai jakai ya tsaya a tsamiyata ya ce Atu ta ce in zo, rufewa ta tsage. Na ari jaki, na ɗauki tsinken ƙarfena, na kama hanya. A fadama sai da na sauka na ja jakin, taɓo har gwiwa.

Na tarar da ita tsaye a gindin rufewar, ta kifa faifai a ka, ruwa yana sauka ta gefensa. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ka iso? Taho ka gani."

Ɗaya daga cikin duwatsun gindin ya nutse a cikin laka, rufewar ta ɗan karkata, daga wurin kuma tsaga ta taso tana hawa sama. A ƙasa yatsa zai shiga. A sama ta sirance. Na kara kunne na ji hatsin ciki yana ɗan motsi, yana tura bango.

Maccido ya fito daga zaure da gatari a kafaɗa.

"A'a, Gyartai! Mi yak kawo ka cikin ruwanga? Ƙwarya munka ce ta fashe?"

"Yaya ta kira ni."

"To ta kira ka ka kama muna jida. Yanzun nan za ni huda gindinta mu jaye geron kahin ta kwanto bisa mutane."

"Mu jaye shi mu kai ina, Yaya?" in ji Atu. "Zaurenka na zuba, ɗakina na zuba. Ka hidda gero cikin malka, kwana kaɗan ya yi gemu."

"In ta buɗe da kanta fa? Cikin taɓo za ki tsince shi, ɗiyanki su ci laka."

Gaskiya kowa ya faɗa. Ba a iya kwasa ta sama, don sai an jingina tsani a bangon mutum ya hau, kuma a buɗe jinka ruwa yana sauka. A huda gindi kuwa, geron ya fito cikin ruwa, abin da bai tsiro ba ya yi fumfuna. A bari kuma, in tsagar ta kai wuya, rufewar ta buɗe kamar an fasa kabewa.

Na ce a fara tokare gindin. Wannan kowa ya yarda. Muka kira maƙwabta, aka turo turmi da wani dutse aka cusa a inda ya nutse. Sannan na ce a ba ni garwashi. Na shafa toka, na nemo kan tsagar, ya wuce inda ido ya nuna da kamar taƙi guda. Na huda rami a wurin, na faɗaɗa shi da wuƙa, na sa masa alama da gawayi. Ina yi ina jin daɗin kaina, don a ganina na kawo abin da babu wanda ya sani a Kebbe.

Washegari da hantsi muka tarar tsagar ta shiga ramina ta fita ta sama kamar ba a yi komai ba. Nauyin geron ya fi ƙarfin dabarar ƙwarya.

"Ka gani?" in ji Maccido. "Ka yi mata taga ta leƙa ta wuce. Kauce, Gyartai."

Ban kauce ba. Ina tsugune ne kawai ina kallon inda kan tsagar ya dosa. Saura ɗan yatsa kaɗan ta iso ɗamara ta farko. Na sa farce na ƙwaƙuli layin, sai ga ƙaiƙayi ya fito, busasshe, ja-ja. Hannuna ya faɗa aljihu da kansa ya taɓo guntun katakon Namadi.

Na miƙe na nuna musu. Na yi ta bayani, falle uku, jijiya gabas, jijiya kudu, mahauci mai jiki. Na san ban iya jera magana ba. Maccido ya karɓi katakon, ya sansana shi, ya miƙo mini.

"Atu, ƙanenki ya zo da akwatin shayi shi tare muna rufewa. Ku duka gidanku haka kuke?"

Atu ba ta yi dariya ba. Ta zo ta tsuguna inda na ƙwaƙula, ta murza ƙaiƙayin a yatsunta.

"Ni nis sheƙe mashi wanga," ta ce. "Kullum sai ya ce in aje mashi na gero, ban da na dawa." Ta dube ni. "Na'Allah, ban son mafarki yau. Kana cewa in ta iso nan za ta juya?"

"Ban ce za ta juya ba, Yaya. Na ce na ga wata ta juya."

"Kun ji ko!" in ji Maccido.

Atu tana nan a tsugune. Yayyafi yana sauka a bayanta. Sannan ta miƙe ta gyara zane.

"Yaya, ka yi haƙuri. Kai ne babba, amma ni ka dafa ma yaranga. A bar ta ta iso ɗamarar mu gani. In ta ƙetare kai tsaye, ni da kaina za ni miƙa maka gatarin."

Maccido ya yi ƙwafa, ya jingina gatarin a danga, ya je ya zauna a bakin zaure inda zai riƙa hango mu.

Wanda bai taɓa zaman jiran tsaga ba bai san yadda take tafiya ba. Ba ta gudu. Takan yi shiru har ka ce ta mutu, sai ka ji ɗan ƙis, ƙurar ƙasa ta zubo, ka duba ka ga ta ƙara. Na zauna a kan wani turmi da buhu a kaina, gawayi a hannu. Atu tana shiga ɗaki tana fitowa, ba ta tambaya, fuskata kawai take duba.

Bayan azahar ta iso ɗamarar. Na ji ƙis, na shafa toka a saman layin, ban ga komai ba. Na sake shafawa. Babu. Sai na shafa a jikin layin kansa, ta hannun dama, sai ga ta nan kwance, tana bin ƙaiƙayi a gicciye kamar macijin da ya sami gindin danga.

"Yaya! Ta juya!"

Atu ta fito da muciya a hannu. Maccido ma ya taso, ya sunkuya, ya bi layin da babban yatsa.

"To, yanzu za ta zagaye ta yanke mata gindi kamar an yanka kabewa," ya ce. Amma muryar ta ragu.

Ba ta zagaye ba. Ta yi kamar kamu guda a kwance ta tsaya. A kwance kuma ba ta da lahani sosai, don nauyin da ke sama yana danne bakinta. Atu ce ta fara cewa tunda ta ba mu lokaci, a ɗaure. Ta kwance igiyar gugarta, muka naɗa wa rufewar a ciki muka ɗaure, muka sa sanda muka murɗa har igiyar ta yi kuka.

Na so a ce a nan abin ya ƙare. Da gari ya waye sai muka ga tsagar ta sami wani wuri mai rauni a ɗori na biyu, can nesa da inda ta faro, ta sake miƙewa sama. Maccido ya je ya ɗauko gatari. Atu ta riga shi, ta tsaya ta ba rufewar baya.

"Kin ce in ta ƙetare," in ji Maccido.

"Na ce in ta ƙetare kai tsaye. Dubi inda tab biyo. Kuma dubi kaurinta."

Ya duba. Tsagar jiya yatsa yana shiga. Wannan ko tsinken tsintsiya ba ya shiga.

"Ke dai taurin kai gare ki kamar mijinki," ya ce. Ya tsaya yana huci, ruwa yana bin gemunsa. Sannan ya yar da gatarin ya fita. Na ɗauka fushi ya yi. Can sai ga shi ya dawo da igiyoyin shanunsa na fata, rungume kamar ya ɗauko jariri.

"Igiyar guga ka riƙe hatsi? Kama nan, Gyartai, ka bar kallo."

Muka yi mata ɗauri uku, shi yana ja yana zagin igiyar, yana zagina, yana zagin ruwan sama har Atu ta ce ya nemi gafara.

A ɗamara ta biyu tsagar ta sake juyawa, wannan karon hagu. Ta ɗan kwanta, ta tashi, ta hau ɗori na uku da ƙyar, siririya har sai na sa toka nake ganinta. Alamun gawayina a jikin bangon suka zama kamar matakalar soro. Kowane juyi sai ta bar wani abu na ƙarfinta a baya, kamar mai kaya da ake sa shi sauke wani a kowace ƙofa. Da ta iso ɗamara ta uku ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Na yi kwanaki ina shafa toka safe da yamma, har Atu ta ce in bar mata tokar murhu.

Ruwa bai ɗauke nan da nan ba. Duk kwanakin nan ba a taɓa rufewar ba, Maccido ne yake aiko da dawa daga gidansa, yana cewa ba don kowa ba, don kada a ce ɗiyan ƙanensa sun kwana da yunwa. Ni kuma na ɗinke duk ƙoren unguwar.

Ranar da rana ta fito sosai, ƙasa ta ɗan tsane, aka kafa itatuwa biyu aka jingina tsani a kansu don kada ya taɓa bango. Maccido ya ce shi zai hau. Ya ɗaga jinka, ya zura kai ciki, ya daɗe yana leƙe.

"Yaya, mi kag gani?" in ji Atu.

Ya zura hannu ya zaro zangarniya guda ya jefo mata. Ta cafe. Ta murza a tafin hannu, ƙwayoyin suka zubo, ta kai ɗaya baki ta ciza. Daga inda nake na ji ƙarar. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen mayafi, yaran suka zo suka tsaya a kanta ba su san ko kuka za su yi ba.

Da la'asar ta tuƙa tuwon geron da miyar kuka. Muka zauna a zaure ni da Maccido. Ya ci loma biyu, ya tsaya, ya dubi rufewar ta ƙofa, da igiyoyinsa a jikinta.

"Jibgin masa," ya ce a hankali. Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Ɗaga hannu, Gyartai, mu yi mashi addu'a."

Muka yi. Ni na haɗa har da Namadi mai shayi, da mahaucin da ya zauna mini a akwati, ban dai faɗa da ƙarfi ba.

Geron ya kai su kaka, irin kuma ya shiga ƙasa da damina ta zagayo. Da rani, bayan an kwashe sauran, aka rushe rufewar don gindinta ya riga ya karkace. Ba ta ruguje kamar sauran gini ba, ɗori-ɗori ta riƙa saki, ana ɗagawa kamar bakin tukunya. Na tsinci guntu ɗaya inda tsagar ta yi juyin farko, da alamar gawayina a jiki. Yana cikin lefena har yau, kusa da katakon shayi. Idona ba ya ganin layin yanzu, amma in na bi da farce ina jin inda ta taso, da inda ta karya kwana, ƙaiƙayin da Atu ta sheƙe kuma yana ɗan zubo mini a tafin hannu.